Jakar gudun ambaliya: abin da za a saka da abin da za a bari

Wani saurayi ɗan unguwarmu ya tare ni a bakin asibitin sha-ka-tafi inda nake aiki, ya miƙo mini waya ya ce, "Anti, dubi yadda ake shiri." Bidiyo ne na wani Ba'amurke da ya zazzage jakar goyo a kan tebur yana nuna kayan da zai ɗauka idan bala'i ya kore shi daga gida: tocila, igiya, wuƙa, abincin gwangwani, sai wata ƙaramar bindiga da kwalin harsashi. Bindigar ce ta ɗauki hankalin yaron. Na bari ya gama zumuɗinsa, sannan na tambaye shi sunan maganin hawan jinin da mahaifiyarsa ke sha, da ko ƙwaya nawa suka rage mata. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Anti, fari ne dai ƙarami."

Dabarar haɗa jaka tun kafin a shiga uku dabara ce mai kyau, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda kakanninmu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amma kowa da abin da ke korarsa daga gida. Mu nan mafi yawan lokaci ruwa ne. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024, cikin dare ruwan ya shiga Maiduguri, ya mamaye Gwange da Kasuwar Litinin da fadar Shehu, har asibitin koyarwa bai tsira ba. Wannan madatsar ta taɓa yin irin haka a 1994. A Mokwa ta jihar Neja, ranar 29 ga Mayun 2025, kafin gari ya waye ruwa ya tafi da unguwanni, aka rasa rayuka fiye da 150. Mutanen kwarin Haɗeja, inda ciyawar kacala ke toshe hanyoyin ruwa, da na bakin kogin Binuwai da ke zaman ɗar-ɗar duk lokacin da aka ce za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ba sa buƙatar a ba su labari. Wanda ruwa ya tasa cikin dare 'yan mintuna gare shi, kuma hannu biyu kawai Allah ya ba shi, ɗaya ma na riƙe da yaro.

Na yi aiki a wata makarantar firamare da aka mayar sansanin waɗanda ambaliya ta kora. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani dattijo da ya iso da rediyonsa da akuya guda, amma ya bar maganin ciwon sugansa a kan taga. Bai san sunan maganin ba, katin asibitinsa kuma ya zama kamar kunu a aljihu. Sai da muka kwana biyu muna lalube. Saboda haka abu na farko da nake so ya shiga jakar shi ne magani. Duk mai hawan jini, ko ciwon suga, ko farfaɗiya, ko asma, da mai shan maganin tarin fuka ko na ƙanjamau, a ware masa na aƙalla mako guda, a bar shi cikin kwalinsa ko ledarsa mai ɗauke da suna. Masu tarin fuka da ƙanjamau musamman, yanke shan magani kan sa ƙwayar cutar ta yi taurin kai, maganin ya daina yi mata aiki. A rubuta sunan kowane magani da yadda ake shansa a takarda, a kuma ɗauki hotonsa da waya. Mai juna biyu ta saka katin awo, in watanta ya kusa ta haɗa da kayan haihuwa: sabuwar reza, zare mai tsabta, sabulu, zannuwa biyu. Katin rigakafin yara ma ya shiga.

Sai ruwan sha, wanda shi ne babban abin tsoro bayan ambaliya. Mutum zai ga ruwa ko'ina amma babu na sha, domin masai sun cika sun tumbatsa, rijiyoyi sun haɗe da su. Daga nan amai da gudawa ke tasowa, kuma mun ga yadda kwalara ta biyo bayan ambaliyar Borno. Ba wanda zai iya goya ruwan kwana uku na iyali guda a bayansa. Abin da za a iya ɗauka shi ne gora biyu ko uku, da maganin tsaftace ruwa, ko ƙwayar Aquatabs ko na kwalba irin WaterGuard. A bi awon da aka rubuta a jiki, a jira rabin awa kafin a sha. In ruwan ya yi gurɓi, a fara tace shi da tsumma mai tsabta. A saka ledojin gishiri da sukari na asibiti kamar guda goma, da ƙwayar zinc ta yara. In sun ƙare ana haɗawa da hannu: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a cika gishiri, yana cutar da yaro. Jariri kuwa a ci gaba da ba shi nono, ya fi kowane ruwa tsabta a irin wannan hali.

Gidan sauro ba ya da nauyi, kuma kwana a ajin makaranta babu tagogi, ga ruwa kwance a ko'ina, gayyatar zazzaɓin cizon sauro ne. Sabulu ma haka. Mata su saka audugarsu, domin ita ce abin da ake jin nauyin roƙa a sansani, kuma ba kasafai masu rabon kayan agaji ke tunawa da ita a kwanakin farko ba.

Takardu su shiga leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, a ɗaure: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar gida ko ta gona, takardun makaranta. A haɗa da 'yan kuɗi a hannu, ƙananan canji, don ranar da ruwa ya ci gari ba lallai a samu mai POS ko sabis na tura kuɗi ba. Lambobin 'yan'uwa uku ko huɗu a rubuta su da biro, tare da 112 ta kiran gaggawa, saboda waya na iya faɗawa ruwa ko caji ya ƙare. Abinci kuwa ba sai na koya wa Bahaushe guzuri ba: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, soyayyar gyaɗa. Tocila da batir, ashana a cikin leda, fawa banki a cike, kayan sawa kala ɗaya ga kowa.

Mu koma kan bindigar. A Amurka kundin tsarin mulki ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami tun 1791, shi ya sa masu irin wancan bidiyon ke lissafa ta kamar tocila. Duk da haka, matsugunan gaggawa na ƙungiyar Red Cross a can ba sa yarda a shiga da makami. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta hana mallakar bindiga sai da lasisi, kuma riƙe ta babu lasisi laifi ne mai kai mutum gidan yari. Na san abin da ke zuciyar masu wannan tunani: tsoron ɓarayin da ke bin gidajen da aka bari, da tsoron hanya a wannan zamani. Tsoron na gaskiya ne. Sai dai ka ɗauki mutum jiƙe sharkaf, cikin dare, ya iso shingen jami'an tsaro da bindiga a jaka, wa zai tsaya sauraron bayaninsa? Ko ka kai ta aji guda da mutum sittin ke kwana, yara na buɗe kowace jaka suna neman abin ci, manya kuma rai a ɓace ana cacar baki kan layin abinci. Ni dai a sansanin da na zauna, gudawa da zazzaɓi da haihuwa cikin dare ne suka hana mu barci, kuma babu ɗayansu da harsashi ke magancewa.

Maharbi ko ɗan sintirin da ke da lasisi, shawarata ya tsara tun yanzu inda zai ajiye tasa. A cire harsashi ko albarushi a ajiye daban, a kulle inda yaro ba zai kai ba, a saka takardar lasisin cikin ledar takardu. In dole sai an fita da ita, a sanar da 'yan sanda ko mai unguwa, kada ta shiga wurin kwanan jama'a. Gadin gidajen da aka bari kuma a tsara shi da mai unguwa da jami'an tsaro, a san wa ke kwana a wane layi.

Jakar ta zama ta goyo, don hannu ya samu riƙe yaro ko tsoho. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana kayar da ƙato, balle wanda ya ɗora akwati a ka. A sa uwargida ta goya jakar, ta zaga tsakar gida sau biyu, domin sau da yawa ruwan kan zo maigida ba ya nan. In ta yi mata nauyi a rage. A rataye ta a ƙusa kusa da ƙofa, sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, kowa a gidan ya san wurin, takalman roba na ajiye a ƙasanta saboda kwalabe da macizan da ruwa ke korowa. Yaran da ba su iya faɗin sunan unguwarsu ba, a rubuta sunansu da lambar wayar mahaifi a ƙaramar takarda cikin leda, a maƙala musu a riga lokacin fita.

Hukumar NiMet kan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa, ana karanta su a rediyo. Da an ji su, lokacin sauke jakar ya yi: a duba ranar lalacewar magunguna, a canza garin kwakin, a gwada tocilar. Shi kuwa saurayin nan ya dawo bayan kwana uku da kwalin maganin mahaifiyarsa, na rubuta masa sunan da manyan baƙaƙe, muka ƙirga tare, ashe ƙwaya huɗu suka rage.