Tsadar gidaje da sababbin unguwanni a birni mai bunƙasa

Ana cewa muhalli yana da sauƙin kuɗi idan iyali za su iya biyan haya ko bashin gida ba tare da sun tauye abinci, magani da kuɗin makaranta ba. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne kada muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu. Asalinsa Amurka ne, inda a 1969 aka ƙayyade hayar gidajen gwamnati a kashi 25, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Ma'aunin na da rauni, domin abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi bayan cire kashi 30 ba lalle ya kai shi ƙarshen wata ba. Akan kuma raba matsakaicin farashin gida da abin da matsakaicin iyali ke samu a shekara: in amsar ta zama uku ko ƙasa da haka sauƙi ne, sama da biyar kuwa tsanani.

A birni mai bunƙasa, fili ne ke fara tsada, musamman wanda titi, ruwa da lantarki suka isa. Dokokin gini kan ƙara wutar: wajabta manyan filaye, hana benaye, da jinkirin takardar mallaka ko izinin gini, wanda kowane watansa ruwan bashi ne a kan mai gini, daga nan ya sauka kan ɗan haya. Fili a bayan gari kuwa arhar ido ce, don abin da aka rage a haya yakan tafi a kuɗin mota.

Wajen buɗe sabuwar unguwa, jerin aikin shi ne komai. Da farko awo, sai keɓe hanyoyi, makarantu da kasuwa, sai magudanar ruwa da bututu, sannan rabon filaye. Masanin birane Shlomo Angel ya ba da shawarar a keɓe manyan tituna masu faɗin kimanin mita 30, tazarar kilomita ɗaya tsakaninsu, tun gini bai iso ba. In aka juya jerin, shigar da titi daga baya sai da rusau da diyya. Wata matsalar ita ce 'yan kasuwar filaye da ke saye su ajiye suna jiran farashi; maganinta wa'adin gini ko haraji kan filin da aka bari fayau.

Ga yadda wasu birane suka tunkari matsalar: Singafo ta kafa hukumar gidajenta a 1960, dokar 1966 kuma ta ba gwamnati ikon karɓar filaye. Yau kusan kashi 80 na mazaunanta na cikin gidajen hukumar. A Dakar, Bankin Duniya ya tallafa a 1972 aka raba filaye masu titi da ruwa, mutane na ginawa sannu a hankali. Auckland ta New Zealand ta sassauta dokokinta a 2016, ta halatta ƙarin gidaje a kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama.