Rashin layin ɗorawa ba izinin fakin ba ne a Ingila

An daɗe ana cewa a Ingila in babu layi mai ruwan ɗorawa na hana fakin a gefen titi, ko'ina ana iya fakin. Ba haka ba ne: misali, an hana fakin a inda aka kwantar da dakalin gefen titi daidai da kwalta, don keken guragu ko shigar mota gida. Sashe na 86 na dokar zirga-zirga ta 2004 ya ba ƙananan hukumomi ikon cin tara a nan, ko babu allo. Takarda kawai za ka tarar a gilashi.

Mashigar gidanka kana iya tarewa, haka baƙonka da izininka, in ba ta haɗaka ba ce da maƙwabci. Sauke kaya, in ba makawa, minti 20 ne iyaka. Duba ƙa'ida ta 243 a littafin dokokin hanya da shafin ƙaramar hukumarku.

A tura wa masu tuƙi a can.