Intahawus ba gasar makarantu ba ce

Ko wace tasha ka murɗa a 'yan kwanakin nan sai ka ji "intahawus". Jiya wani mai gabatar da shiri ya ce za a yi intahawus tsakanin makarantun sakandaren birni, wani ɗan majalisa zai ba da kofi. Wannan kuskure ne, kuma yana ci mini tuwo a ƙwarya. In makaranta ta kara da makaranta, sunan abin gasar makarantu. Intahawus karawa ce tsakanin gidajen makaranta ɗaya.

Gidan nan kuwa asalinsa gida ne na gaske, inda ɗalibi yake kwana yake tashi. Turawan Ingila suka zo da tsarin daga makarantunsu na kwana.

Dubi Kwalejin Barewa. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, sunan Barewa kuma sai a 1971. Gidajenta suna ɗauke da sunayen mutane: Lugard, Clifford, Nagwamatse, Ɗan Hausa. Ɗan Hausan nan shi ne Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, gidansa na ƙasa yana nan tsaye har yau. Yaron da ya karɓi sanda ya zura da gudu don gidan Ɗan Hausa na Barewa, waɗanda suke masa ihu a bakin fili su ne abokan kwanansa, da su yake shara da asuba, da su yake cin abinci. In ya faɗi, tare za su koma ɗaki da kunyar. A wannan kwaleji, tun tana Katsina, Ahmadu Bello ya ƙware a kurket da wasan ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango, bai kuwa bar wannan wasa ba har ya zama Firimiya.

Makarantun jeka-ka-dawo sun ari sunan, ba laifi. Abin da ke damuna shi ne yadda gida ya koma launin riga kawai, ja ko shuɗi, ana saura mako biyu a raba yara. Ranar taro fareti da jawabin manyan baƙi su cinye hantsi, gudun mita 100 da tsallen baɗake a yi su a gurguje ana kiran azahar, a ɗan abin da ya rage na fili bayan an yanka shi an gina shaguna.