Mece ce SAPS, ƙoramar da ke gudu a gefen hasken orora?

Duk wanda ya taɓa kama rediyon gajeren zango da dare a Yamai ko Tawa ya ci moriyar iyonosfer, ko da bai san sunanta ba. Shiyya ce ta sararin sama, daga kamar kilomita 60 zuwa 1000, inda hasken rana ke fizge elektron daga ƙwayoyin iska. Abin da ya rage, wato elektron da iyon masu caji suna yawo tare, shi ake kira filasma. 

SAPS taƙaitaccen suna ne na Turanci da masana biyu, Foster da Burke, suka raɗa a 2002. Ma'anarsa ƙoramar filasma mai gudu yamma, a gefen da'irar orora (hasken da ke bayyana a sama da dare a ƙuryar arewa da ta kudu ta duniya) ta ɓangaren da ke kallon ekwata. Tana fitowa daga magariba zuwa tsakar dare, galibi lokacin guguwar maganaɗisu, wato sa'ad da ƙwayoyin da rana ke fesowa suka girgiza maganaɗisun duniya, faɗinta digiri 3 zuwa 5 (digiri 1 kamar kilomita 111 ne). Akwai siririyarta mai suna SAID, digiri 1 zuwa 2, mai wuce kilomita 1 a sakan. Masani Galperin da abokan aikinsa na Tarayyar Sobiyet ne suka fara ganin wannan a farkon shekarun 1970, da tauraron ɗan adam Kosmos-184.

Ba iska ke tura ta ba. Sama da kilomita 150 ƙwayoyi ba su cika karo da juna ba, don haka idan ƙarfin lantarki ya gitta layukan maganaɗisun duniya, elektron da iyon duka sai su zame gefe guda. Lissafin mai sauƙi ne: a raba ƙarfin lantarki da na maganaɗisu. A can arewa maganaɗisun ya kai nanotesla 50,000, yana kallon ƙasa. Milivolt 50 a kowace mita, mai kallon arewa, yana ba da kilomita 1 a sakan zuwa yamma.

To ina wannan lantarkin ke fitowa? Idan guguwa ta taso, ƙwayoyi masu zafi suna kwararowa daga bayan duniya, ɓangaren dare. A wajen magariba iyon suna kutsowa kusa da duniya fiye da elektron. Elektron ɗin su ne ke zuba su kunna orora, su kuma mai da iskar wurin mai sauƙin ratsawa ga kuran. Iyon kuwa suna haddasa wani kuran da ke bin layukan maganaɗisu ya sauka a kudu da hasken, inda rana ta faɗi kuma babu ruwan elektron. Dole wannan kuran ya tsallaka arewa, a tsayin kilomita 110 zuwa 130, kafin ya koma sama. Hanyar ta ƙi ratsuwa, kuran kuma bai fasa zuwa ba, sai matsin lantarki ya hau. Mai gyaran wuta ya san haka: siririyar waya aka ɗora wa kaya mai nauyi.

Daga nan abin ke ciyar da kansa. Iyon masu gudu suna gogar iskar da ba ta gudu, suna zafi. Zafin yana hanzarta haɗuwar iyon na oksijin da nitrojin, su zama wani iyon da ke saurin haɗiye elektron ya mutu. Filasma ta ragu, hanya ta ƙara toshewa, matsi ya ƙaru, gudu ya ƙaru. Shi ya sa gudun da ya fi tsanani ake samunsa a duhun da ke gefen orora, wurin da ido zai ce babu komai. A ganinmu wannan ne abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe, fiye da haddace sunayen.

Wani lokaci ido na gani. Masu ɗaukar hoton orora a Alberta ta Kanada sun riƙa ganin wani zare mai launin shuni ya miƙe gabas zuwa yamma, suka sa masa suna STEVE a 2016. Da ɗaya daga taurarin Swarm na hukumar sararin samaniyar Turai ya ratsa shi, ya auna gudu kusan kilomita 6 a sakan. Daga Yamai zuwa Tawa a miƙe bai kai kilomita 400 ba, tafiyar kamar minti ɗaya ke nan.

Awon yana da tarko. Tauraro yana tafiyar kilomita 7.5 a sakan, yana tsallake zare mai faɗin digiri 1 cikin sakan 15, na'ura mai jinkiri sai ta shafe ƙololuwar. Na'urorin radar na SuperDARN, da ke ƙasa suna kallon iyonosfer, masu aiki tsakanin megahaz 8 da 20, suna auna gudun da ke zuwa ko tafiya bisa layin kallonsu kaɗai. Radar da ke kallon arewa za ta raina ƙoramar da ke gudu yamma, sai an haɗa ta da wata mai kallo ta wata kusurwa.

Mu a Nijar ba ma ganin SAPS a samanmu, muna dab da ekwatan maganaɗisu, inda filasma ke hawa sama da rana da gudun kamar mita 20 a sakan. Amma kuran ɗin da ke haifar da SAPS shi ne kuma garkuwar da ke tare lantarkin arewa daga isowa nan. Idan guguwa ta canza da sauri, garkuwar na makara, lantarkin ya ɓullo ekwata cikin mintuna. In ya dace da magariba, yana ɗaga iyonosfer ya buɗe kumfa a cikinta, siginar GPS ta riƙa rawa. A guguwar 10 ga Mayu 2024, mafi ƙarfi tun 2003, taraktocin manoman Amurka masu bin GPS sun ɓace layi ana tsakar shuka. Mai auna filaye a Yamai da ke son daidaiton santimita gara ya yi aikinsa da safe, ya duba ma'aunin Kp, mai nuna ƙarfin girgizar maganaɗisun duniya, kafin ya fita. Idan ya kai 5, guguwa ce, ya maimaita awon wata rana.