Koyar da sigar labari ta hanyar tace bidiyo

Wannan wata dabara ce ta koyar da aikin jarida, inda ɗalibi ke gane sassan labari ta hanyar yanka hotunan bidiyo da jera su a waya. Sassan su ne kanu, buɗin labari, gundarinsa, maganar ganau ko jami'i, da bayanin asalin al'amari. A takarda ɗalibi na iya yin doguwar shimfiɗa bai ankara ba, amma a manhajar tacewa kowace daƙiƙa da ya ɓata tana nan a fili.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya ɗaya ta ishi ɗalibai huɗu ko biyar, sai manhaja irin su CapCut, KineMaster ko InShot. Rahoton kada ya wuce daƙiƙa 90, wato rubutun da bai haura kalmomi 200 ba.

Ana farawa da tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, yaya, kuma me ya sa. A Daura, hawan Sallar Gani da ake yi a watan Rabi'ul Awwal misali ne mai kyau. Daƙiƙa 15 na farko su faɗi wanda ya hau, wurin da ranar, hoton kuma ya nuna hawan kansa. Ɗalibai da dama kan buɗe da Rijiyar Kusugu da tarihin Bayajidda saboda daɗin labarin, alhali wannan bayanin asali ne, wurinsa can ƙarshe. Tsarin da 'yan jarida ke kira kifaffiyar dala ke nan: mafi muhimmanci a sama, sauran na bi baya. Gwajinsa a bidiyo mai sauƙi ne. Malami ya datse daƙiƙa 20 na ƙarshe. In labarin ya tsaya da ƙafarsa, jerin ya yi; in ya rushe, an binne muhimmin abu a ƙasa.

Wajen ɗauka, a riƙe wayar a kwance, kowane hoto ya kai daƙiƙa 10 ko da uku zuwa biyar za a yi amfani da su. Sauti ya fi hoto ba da wahala. Iskar hunturu na cika makirufo da huci, ganguna da algaita na danne murya, don haka a ja mai magana gefe, wayar ba ta fi kamu biyu daga bakinsa ba.

Maganar ganau ita ce inda darasin ya fi nauyi. Ana zaɓar daƙiƙa 10 zuwa 15 daga hirar minti uku, a rubuta sunan mutum da matsayinsa a ƙasan allo. Idan aka yanke tsakiyar magana, kan mai maganar zai yi tsalle, sai a rufe wurin da hoton dawaki ko taron jama'a. Wannan rufin halal ne muddin ma'ana ba ta sauya ba. Cire “amma” ko “ba” daga zancen mutum kuwa ƙage ne, kuma a nan ya kamata malami ya tsananta maki. Haka ma ɗaukar hoton mata da ƙananan yara ba tare da izini ba.

Wata matsalar ita ce haruffa masu ƙugiya. Wasu salon rubutun manhajojin ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito kamar akwati, ko ɗalibi ya rubuta “kasa” inda yake nufin “ƙasa”. A gwada salon da kalma ɗaya kafin a rubuta kanun.