Street Fighter: tarihin jerin wasannin faɗa na kamfanin Capcom

Street Fighter jerin wasannin bidiyo ne na faɗa, mallakar kamfanin Capcom da ke birnin Osaka na ƙasar Japan. Na farko ya fito a 1987, na shida kuma a 2023, ban da gyararrun nau'o'i da rassa masu yawa da suka fito a tsakani. Tushen wasan bai sauya ba tun farko: mayaƙa biyu ne ke fuskantar juna a allo, kowanne da layin ƙarfinsa a sama, wanda layinsa ya ƙare ya faɗi, wanda kuma ya ci zagaye biyu cikin uku shi ke da nasara. Mafi yawan wasannin faɗa da ake bugawa a yau daga nan suka ɗebo ƙa'idojinsu. Babbar matsalar da Capcom ya yi ta fama da ita tsawon waɗannan shekaru ita ce yadda zai gamsar da gwanaye ba tare da ya kori sababbin shiga ba.

Wasan farko, 1987

Takashi Nishiyama da Hiroshi Matsumoto ne suka tsara wasan farko, domin injinan nan na gidajen gem da ake jefa wa sulalla. Mai wasa yana riƙe da Ryu, ɗan karate daga Japan, ya kara da mayaƙa goma a ƙasashe biyar, har ya kai ga Sagat na Tailan. Idan wani ya jefa kuɗi ya shigo, sai a ba shi Ken, abokin Ryu ɗan Amurka. Babban injin yana da faifan roba guda biyu, ɗaya na naushi ɗaya na shuri, kuma ƙarfin da mutum ya doka shi ne ƙarfin bugun a allo. Injinan sun riƙa lalacewa saboda duka, sai aka koma madannai shida: naushi uku, shuri uku, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Wannan tsari yana nan har yau.

Wasan yana da taurin sarrafawa, bai yi wani tashe sosai ba. Amma a cikinsa aka fara ganin Hadoken, ƙwallon wutar da Ryu ke jefawa, da Shoryuken, naushin da ke tashi da mutum sama. Ba da jimawa ba Nishiyama da Matsumoto suka koma kamfanin SNK, inda aka yi Fatal Fury a 1991 da Art of Fighting a 1992.

Street Fighter II

A 1991 ne abin ya kama wuta. Yoshiki Okamoto ya jagoranci aikin, Akira Nishitani da Akira Yasuda suka tsara shi, Yoko Shimomura kuma ta yi mafi yawan kiɗan. Sabon abu shi ne zaɓi. Mayaƙa takwas ne: Ryu da E. Honda daga Japan, Ken da Guile daga Amurka, Chun-Li daga Sin, Blanka daga Brazil, Zangief daga Tarayyar Sobiyet, sai Dhalsim daga Indiya. Kowanne da irin faɗansa. Zangief ɗan kokawa ne mai nauyin jiki, sai ya matso kusa yake da haɗari. Dhalsim yana miƙa hannu da ƙafa daga nesa. Mai riƙe da Guile sai ya ja sandar sarrafa wasan baya na ɗan lokaci kafin ya saki makaminsa, don haka haƙuri ne jarinsa. Kowa kuma da filinsa: Chun-Li a titin kasuwa masu kekuna suna wucewa, Dhalsim tsakanin giwaye, Honda a gidan wanka. A tsakanin faɗa akwai zagayen da ake farfasa mota da hannu.

Abin da ake kira kombo, wato jera bugu da yawa ba tare da abokin karawa ya samu damar karewa ba, ba da gangan aka ƙirƙire shi ba. Masu tsarawa sun sassauta lokacin da injin ke karɓar umarnin bugu na musamman domin ya yi sauƙin fita, sai hakan ya ba da damar katse naushi a tsakiya a haɗa shi da Hadoken. An bar shi haka, 'yan wasa suka gano, ya zama ginshiƙin wannan fanni gaba ɗaya.

Wasan ya farfaɗo da gidajen gem, domin yanzu mutum da mutum ake karawa. Wanda ya ci ya ci gaba da zama, wanda aka doke ya tashi ko ya sake jefa kuɗi. A Amurka masu jiran layi sukan ajiye sulallansu a gefen allo don kama wuri. A Japan aka riƙa haɗa injina biyu baya da baya, mutum ya kara da wanda ko fuskarsa ba ya gani. Da aka kai shi injin gida na Super Nintendo a 1992, an sayar da kwafi miliyan 6.3.

Manyan bos, wato mayaƙan da inji ke riƙewa, huɗu ne a ƙarshen wasan, kuma sunayen uku sun bambanta tsakanin Japan da ƙasashen waje. Ɗan damben boksin sunansa M. Bison a Japan, kuma ya yi kama da Mike Tyson a suna da siffa. Don gudun shari'a, sai aka juya sunayen a waje: ɗan boksin ya zama Balrog, ɗan Sifen mai farata ya zama Vega, babban mugun ya zama M. Bison. Wani kuskuren fassara kuma ya haifi almara. A nau'in Turanci, Ryu yakan ce sai an doke Sheng Long, alhali naushinsa na Shoryuken ake nufi. A watan Afrilun 1992 mujallar Electronic Gaming Monthly ta buga labarin wasa cewa Sheng Long ɓoyayyen bos ne, mutane da yawa suka yarda suka yi ta nema.

Daga nan Capcom ya yi ta fitar da gyare-gyare: Champion Edition da Hyper Fighting a 1992, na biyun don ya tare jabun nau'o'in da suka cika kasuwa, Super Street Fighter II a 1993 da sababbin mayaƙa huɗu, ciki har da Cammy da Dee Jay, sai Super Turbo a 1994, inda ɓoyayyen bos na gaske, Akuma, ya bayyana. A lokacin kishiyoyi sun yi yawa: Mortal Kombat a 1992, Virtua Fighter a 1993, Tekken a 1994. Reshen Alpha, wanda ake kira Zero a Japan, ya fito sau uku daga 1995 zuwa 1998.

Na uku da gasar 2004

Street Fighter III ya fito a 1997, ya zubar da tsofaffin mayaƙa duka ban da Ryu da Ken. Cikin sababbin akwai Alex da Elena 'yar Kenya. Zanensa na hannu yana cikin mafi kyau da aka taɓa yi, amma jama'a sun koma wasanni masu siffar 3D, gidajen gem na Amurka suna rufewa, wasan kuma ya yi wa ɗan koyo wuya. Sabuwar dabararsa ita ce kaɗe bugu: maimakon a ja baya a kare, sai a tura sanda gaba daidai lokacin da bugun zai sauka. Wanda ya dace ba ya rasa komai, wanda ya kuskure ya sha duka.

Nau'in ƙarshe, 3rd Strike na 1999, shi ya ba da karawar da aka fi tunawa a tarihin wasannin faɗa. A Evo, babbar gasar wasannin faɗa, ta Agustan 2004 a Pomona, jihar Kaliforniya, Daigo Umehara na Japan yana riƙe da Ken, Justin Wong na Amurka yana da Chun-Li, wadda aka dawo da ita a wannan nau'in. Ƙarfin Ken saura ƙiris, ta yadda ko karewa ya yi zai faɗi. Wong ya saki babban shurin Chun-Li mai bugu 15. Umehara ya kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen a sama ya tare shi, ya sauko ya gama da abokin karawarsa, zauren ya kaure da ihu. Bai ci kofin ba a ƙarshe, amma bidiyon ya bazu a intanet, ya jawo dubban mutane cikin harkar a lokacin da Capcom ya yi shiru da jerin.

Dawowa

Shirun ya kai kusan shekara tara. Yoshinori Ono ne ya matsa har aka yi Street Fighter IV, wanda ya fito a gidajen gem a 2008, a PlayStation 3 da Xbox 360 kuma a 2009. Ya dawo da mayaƙa 12 na wasa na biyu, siffofinsu na 3D amma faɗan a layi ɗaya kamar da, ga kuma karawa ta intanet. Tsofaffin 'yan wasa suka dawo, gasanni suka cika, aka fara gasar Capcom Cup a 2013 da Capcom Pro Tour a 2014.

Na biyar, a Fabrairun 2016, ya fito bai gama nuna ba. Mayaƙa 16 ne kawai, babu tsarin da mutum zai bi bos-bos shi kaɗai kamar yadda aka saba, intanet ɗin ma yana tangarɗa. An yi shi ne da 'yan gasa a rai, aka manta da mai wasa a ɗakinsa. Nau'o'in 2018 da 2020 sun gyara abubuwa da yawa. Ono ya sanar da barin Capcom a 2020.

Street Fighter 6

Ya fito ranar 2 ga Yunin 2023, ƙarƙashin darakta Takayuki Nakayama, da mayaƙa 18. A nan ne aka fi tunkarar tsohuwar matsalar kai tsaye. Ban da tsarin madannai shida, an ƙara wani mai sauƙi da ake fitar da bugu na musamman da madanni ɗaya da juya sanda, sai dai ƙarfinsa yana raguwa da kashi 20 cikin ɗari, kuma an yarda da shi a gasa. Akwai ɓangaren yawon duniya inda mutum ke ƙera nasa mayaƙin ya koyi faɗa a hannun tsofaffin jarumai, da sautukan da ke nuna tazarar abokin karawa domin masu larurar gani. Fiye da mutum 7,000 suka shiga gasarsa a Evo ta 2023, wadda AngryBird na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci da Ken. A Fabrairun 2024 Uma na Taiwan ya ci Capcom Cup yana riƙe da Juri, ya karɓi dala miliyan ɗaya.

A Satumban 2024 aka ƙara Terry Bogard cikin wasan a matsayin baƙo, Mai Shiranui ta biyo shi a Fabrairun 2025. Dukansu daga Fatal Fury suke, jerin da Nishiyama ya fara a SNK bayan ya bar Ryu da Ken a hannun Capcom.