Buɗaɗɗun manhajojin taswira da aiki da su a Arewacin Kamaru da Chadi

Tsarin bayanan ƙasa, wanda aka fi sani da GIS, hanya ce ta adana bayani haɗe da wurin da ya shafa, yadda kwamfuta za ta iya zana shi, ta auna, ta kwatanta. A cikinsa rijiya ɗigo ce, hanya ko kogi layi ne, gona ko unguwa kuwa kewayayyen fili, kuma kowanne na ɗauke da nasa bayani kamar suna, zurfi ko shekarar gini. A da manhajojin wannan aiki tsada gare su, sai ma'aikatu da manyan kamfanoni. Buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke da iznin saukewa da gyarawa kyauta, su suka kawo aikin hannun ɗalibi a Ngaundere da ma'aikacin ruwa a Marwa.

Asali

Sojojin injiniya na Amurka ne suka fara manhajar taswira ta GRASS a 1982. Gary Sherman ya ƙirƙiro QGIS a 2002, kuma yau a cikin buɗaɗɗun manhajojin ita ce aka fi amfani da ita a kwamfuta. A 2004 Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Birtaniya, taswirar duniya da 'yan sa-kai ke zanawa. Girgizar ƙasar Haiti ta 2010 ta nuna amfaninta wajen agaji, daga nan ƙungiyar HOT, mai zana taswira don aikin agaji, ta kafu. Hotunan tauraron ɗan'adam ma sun buɗe: Landsat ya zama kyauta a 2008, kowane ɗigon hotonsa mita 30 ne a ƙasa, sai Sentinel-2 na Turai daga 2015 mai mita 10. Da su ake bin shiga da fitar ruwan Tafkin Chadi da ambaliyar kogunan Logon da Shari, irin wadda ta mamaye unguwannin Njamena a 2022. Amma ba a zana gidaje da su, domin bukka ba ta kai ɗigo ɗaya ba.

Yadda ake aikin

Ana farawa daga nesa: mai zane ya buɗe manhajar zanen OpenStreetMap, wato iD a intanet ko JOSM a kwamfuta, ya bi hoto mai kaifi yana fitar da gidaje da hanyoyi. Sannan a fita fili da waya, a ɗauki wurare da QField ko KoboToolbox, waɗanda ke aiki ba tare da sabis ba. Wayar hannu a sarari takan yi kuskuren kusan mita 5. A ƙarƙashin rufin kwano ko duhuwar darbejiya abin ya fi haka, don haka a tsaya a fili, a jira lambobin su natsu kafin a adana. Daga ƙarshe a tace bayanan a QGIS.

Matakin fili ba shi da madadi. Wanda ke zane daga Turai, in hoton rani ya samu, zai ɗauki yashin Mayo Kaliao, kogin da ya ratsa Marwa, a matsayin hanyar mota, alhali da damina ruwa ne mai cin mutum. Irin wannan kogi ana sa masa alamar intermittent=yes. Haka nan burtali, fadama da rijiyar da ta kafe, sai ɗan gari ko makiyayi ya faɗa. Suna ma haka: gari ɗaya na iya samun sunan Hausa, Fulfulde, Larabci da Faransanci, kuma OpenStreetMap ta tanadi gurbin kowanne, name:ha, name:ff, name:ar da name:fr. Gurbin Hausa yakan zauna fanko, kuma babu mai cika shi sai Bahaushe.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne juya lambobi. Garwa tana wajen digiri 9.3 arewa, 13.4 gabas; in aka musanya su, ɗigon zai faɗa Nijar, kusa da Damagaram. QGIS na neman lambar gabas a gurbin X, ta arewa a Y.

Na biyu ya shafi ƙasashe masu aiki da Faransanci: kwamfuta na rubuta 9,3 maimakon 9.3, sai waƙafin ya tsaga lambar gida biyu a fayil ɗin CSV, wato jerin bayanai da waƙafi ke raba gurabensa. Maganinsa a gyara saitin kafin shigarwa. A kuma bar lambobi biyar bayan ɗigo, wanda ya yi daidai da kusan mita ɗaya. In aka datse zuwa biyu, kuskuren zai iya kai ɗaruruwan mitoci.

Auna faɗin gona kuwa ba a yin sa da digiri. A mayar da bayanan zuwa UTM, tsarin da ke auna ƙasa da mita, shiyya ta 33 arewa, lamba EPSG:32633, wadda ta ɗauki digiri 12 zuwa 18 gabas, wato Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena. Abeche tana shiyya ta 34.

Tsohon tsarin adana taswira na shapefile na datse sunan gurbi zuwa haruffa 10, yakan kuma lalata ƙ, ɗ da ɓ in ba a saita tsarin haruffa na UTF-8 ba. GeoPackage fayil ɗaya ne kuma ba ya wannan ɓarna, shi ya kamata a riƙa.

Lasisi

Tun 2012 bayanan OpenStreetMap na ƙarƙashin lasisin ODbL: kowa na iya amfani da su har don kasuwanci, muddin ya ambaci masu zanen. An hana kwafowa daga Google Maps, kuma abin da aka gano an kwafo, goge shi ake yi. A yankunan da ke fama da rashin tsaro kamar bakin tafki, bayanan da za su iya fallasa mutum, irin su sunan mai gida ko wurin kwanan garke, ba a ɗora su a taswirar jama'a.